Tarihin Awon Hankali a Ƙasar Gadarif

Ƙasar Gadarif, wadda ke shimfiɗe a gabashin Sudan daga kogin Rahad zuwa kogin Atbara har ta dangana da iyakar Habasha, ƙasa ce ta baƙar laka mai tsattsagewa da rani, wadda idan damina ta sauka takan riƙe ruwa ta ba da dawa da riɗi har ake kiranta rumbun Sudan; kuma saboda wannan albarka, tare da kasancewarta a kan tafarkin alhazai masu nufin Suwakin su ƙetare Bahar Maliya, mutanenmu na yamma, Hausawa da Fulani da Barebari, suka yi ta yada zango a cikinta, wasu a kan hanyar tafiya don su nemi guzuri, wasu a kan hanyar komowa, har zangon ya zame musu gida. Tun a 1862 matafiyin nan Samuel Baker ya tarar da Takari, watau mutanen nan namu na yamma, sun kafu a Gallabat ƙarƙashin shehunsu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar muhajirai zuwa gabas har suka sauka a bakin Bahar Azrak kusa da Sinnar, a garin da ake kira da sunansa har yau, kuma daga wannan lokaci ayarin bai yanke ba. Garin Gadarif kansa, wanda a da ake ce masa Kasuwar Abu Sin saboda gidan sarautar Shukuriyya, ya bunƙasa sa'ad da layin dogo ya iso shi a 1928, ya ƙara bunƙasa da aka fara noma da injuna a Gadambaliya wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, aikin da ya jawo dubban masu neman ƙwadago, da yawansu masu jin Hausa.

An rubuta tarihin wannan hijira, an kuma rubuta na noman. Akwai wani tarihi na uku da ya biyo su a baya wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne na yadda jama'ar nan suka riƙa gane lafiyar hankalin ɗan Adam da rashin lafiyarsa, da wanda suka riƙa miƙa wa hukuncin, tun daga alƙali da malamin allo har zuwa ga na'urar da ke rubuta motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, aikin da mutanen Sudan ke kira rasmul muhhi, likitoci kuwa su taƙaita shi da haruffa uku, EEG.

Mas'alar ba ƙarama ba ce a wurin Musulmi, domin hankali shi ne sharaɗin taklifi: da shi salla ke wajaba, da shi ciniki ke ƙulluwa, da shi ake karɓar shaida da saki da wasiyya, wanda kuwa hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Saboda haka malaman fiƙihu ba su bar abin a dunƙule ba. Sun rarrabe tsakanin wanda haukansa ya game lokacinsa duka da wanda yakan farfaɗo, suka ba kowanne hukuncinsa. Sun yi bayanin safihi, wanda hankalinsa yana nan amma ba ya iya riƙon dukiya. Kuma da yake Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Nisa'i, ya yi umurni a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu, sai suka tsara yadda jarrabawar za ta kasance, ɗan attajiri a gwada shi da saye da sayarwa, ɗan manomi a gwada shi da sha'anin gona. Ma'aunin duka aiki ne da ake gani da ido. Alƙali maƙwabta yake kira, ya tambaye su yadda wane ke magana, yadda yake ƙidayar kuɗi, da ko yana gane lokutan salla.

A halwa, watau makarantar allo ta can, ma'aunin ya fi wannan kaifi. Malam ya san ƙwaƙwalwar kowane almajiri ta yawan layin da zai rubuta masa da safe ya kawo haddarsa da dare a gindin wuta, da kuma kwanakin da yakan yi kafin ya wanke allo. Yaron da ke ɗaukar sumuni guda a zama ɗaya an san shi, wanda aya uku ke kwana a allonsa mako guda shi ma an san shi, an kuma san sunan da 'yan'uwansa ke kiransa da shi. Ba na raina wannan ma'auni ko kaɗan, domin shi ya fitar da alarammomi da gwanaye waɗanda ke rubuta Alƙur'ani da ka tun daga Bismilla har Nasi ba tare da tuntuɓe ba. Illarsa guda ce, amma babba: yana nuna cewa yaro ya kasa, ba ya faɗin dalilin kasawar, kuma inda ba a san dalili ba bulala ce kan cike gurbinsa.

Su kansu malamai sun yi saɓani a kan mazaunin hankali. An ruwaito daga Imamu Malik da Imamu Shafi'i cewa a zuciya yake, daga Imamu Abu Hanifa kuma cewa a ƙwaƙwalwa yake. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi magabatansa likitoci wajen raba ƙarfin fahimta a cikin ɗakunan ƙwaƙwalwa, ya sanya tattara abin da gaɓoɓi suka jiyo a ɗakin gaba, tunani da wahami a na tsakiya, hadda a na baya, sa'an nan ya bayyana farfaɗiya da cewa toshewa ce da majina ko wani gurɓataccen ruwan jiki ke yi wa waɗannan ɗakuna. Ibnul Ƙayyim kuwa, a cikin Zadul Ma'adi, ya kasa farfaɗiya kashi biyu, wadda ke zuwa daga miyagun ruhohi da wadda ke zuwa daga gurɓacewar ruwayen jiki, ya kuma bayyana cewa ta biyun ita ce likitoci ke magana a kan sababinta da maganinta. Wannan rabo sananne ne ga malamanmu na gabas da na yamma. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ke da wata alama tabbatacciya da zai duba ya ce wannan ta jiki ce, a kai shi ga likita. Don haka a aikace kashi biyun suka koma ɗaya, duk wanda ya faɗi aka nufi da shi inda ake kai mai iska.

Wanda ya zauna a ƙauyukan bakin Rahad ko a unguwannin Gadarif ya san yadda abin kan gudana, domin bai bambanta da na Kano ko Maraɗi ba. Yaro ya yanke jiki ya faɗi, gaɓoɓinsa suna fizga, kumfa tana fita a bakinsa. Jama'a su ja da baya don tsoron yawunsa, wai yana yaɗa cutar, alhali kuwa ba ya yaɗa kome. Mai ƙarfin hali ya danna masa cokali a baki, abin da ba ya amfana sai dai ya karya haƙori. Idan ya farfaɗo a kai shi wurin faki, watau malamin rubutun sha na can, a rubuta allo a wanke masa ya sha, a ba uwarsa takardun turare ta riƙa ƙonawa yana shaƙa, a rataya masa laya. Waɗansu mata kan zagaya a ɓoye zuwa gidan zar, watau irin borin can. Da yawa daga masu wannan lalura ana gane su ta tabon ƙuna a hannu ko a fuska, saboda faɗuwar ta same su a bakin murhu ba wanda ya yarda ya janye su. Budurwa kuwa, muddin aka ji labarin a unguwa, masu neman aurenta sukan janye. Wannan ƙyama ba daga addini ta zo ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin baƙar matar nan da ta kai ƙarar farfaɗiyarta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a guje ta ba, an yi mata bushara da Aljanna bisa haƙurinta, an kuma roƙa mata kada tufafinta su riƙa yayewa idan ta faɗi.

Alamar da waɗancan malamai suka rasa tana da dangantaka da wani abu da masuntanmu suka daɗe da saninsa a kogunan Nilu kamar yadda suka san shi a Kwara da Binuwai, watau minjirya, kifin da idan hannu ya gamu da shi a cikin koma sai ya sage har kafaɗa, domin ƙarfin da babba kan saki yana iya wuce bolt 300. Abdullaɗif al-Bagadadi, wanda ya zauna a Misira wajen shekarar 1200, ya siffanta wannan kifi, kuma likitocin zamanin da sun yi maganin ciwon kai da ɗan'uwansa na teku. Amma ba wanda ya tabbatar cewa irin ƙarfin nan yana gudana a jijiyar kowane mai rai sai da Luigi Galvani na ƙasar Italiya ya wallafa gwajinsa a kan ƙafar kwaɗo a 1791. Bayansa, a 1875, wani likita na Libaful a Ingila, Richard Caton, ya ɗora waya a kan ƙwaƙwalwar zomaye da birai ya ga allurar ma'auninsa tana motsi, kuma motsin yana sakewa idan an haska wa dabbar haske a ido.

Wanda ya kai binciken ga ɗan Adam shi ne Hans Berger, likitan masu taɓin hankali a garin Jena na Jamus, kuma sababin shigarsa aikin ya cancanci a faɗe shi. Yana saurayi a aikin soja dokinsa ya kayar da shi a gaban igwa da dawakai ke ja, saura ƙiris a tattake shi. A wannan rana 'yar'uwarsa, tana can gida nesa, ta ji faɗuwar gaba har ta matsa wa mahaifinsu ya buga waya ya tambayi lafiyarsa. Berger ya ɗauka tsoronsa ne ya yi tafiya ya iske ta, sai ya bar karatun taurari ya koma likitanci, ya ƙudurta a ransa sai ya gano ƙarfin da tunani ke tafiya da shi. Ya yi shekaru masu yawa yana gwaji a keɓe, ba ya gaya wa abokan aikinsa abin da yake ciki, har ranar 6 ga Yuli 1924 ya sami rubutu na farko daga wani saurayi ɗan shekara 17 da aka yi wa fiɗa a ka. Daga baya ya samu ta saman fata, ba tare da yanka ba, a kan ɗansa na cikinsa. Duk da haka bai amince da abin da idonsa ya gani ba sai da ya yi shekara 5 yana maimaitawa, sa'an nan ya wallafa shi a 1929, shekarar da layin dogon Gadarif ya haɗu da Sinnar. Abin da ya gani kuwa shi ne, idan mutum ya kwanta ya rufe ido ya natsu, layin yakan riƙa hawa da sauka a jere kamar sau 10 a sakan guda, abin da ya kira alfa. Da zarar ya buɗe ido, ko aka sa shi lissafi da ka, sai wannan jeri ya ɓace, wani ƙarami mai sauri ya maye gurbinsa. Masanan zamaninsa ba su gaskata shi ba sai da Edgar Adrian da Brian Matthews suka maimaita gwajin a gaban taron masana a Kambirij a 1934, Adrian da kansa ya zauna aka liƙa masa wayoyin. Berger ya mutu a 1941 bai sami abin da ya fita nema ba.

Amfanin abin da ya bari ya bayyana da sauri, kuma a kan farfaɗiya ya fara bayyana. A 1935, a birnin Boston na Amurka, Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox suka auna masu wata irin farfaɗiya marar faɗuwa, wadda ta fi kama yara, inda yaro kan ƙame na 'yan sakanni ido buɗe, a kira shi bai amsa ba, sa'an nan ya ci gaba da abin da yake yi kamar ba abin da ya faru. Suka ga cewa a daidai wannan lokaci layin yana yin tsini da tudu, tsini da tudu, sau 3 a sakan. Mai karatu ya tsaya a nan ya tuna yara nawa ne irin waɗannan aka yi wa hukuncin rashin mai da hankali a gaban allo. A 1936 Grey Walter a London ya nuna cewa layi mai nauyin tafiya yana iya nuna inda ƙari yake a cikin kai, a 1958 kuma aka daidaita wuraren liƙa wayoyin bisa tsarin Herbert Jasper, don likitan kowace ƙasa ya iya karanta rubutun ɗan'uwansa. Magani ma ya riga ya samu: finobabital tun 1912, fenitoyin tun 1938.

Yadda ake yin awon a yau bai yi nisa da na wancan zamani ba, sai dai allon kwamfuta ya maye gurbin doguwar takarda. Akan gaya wa uwa ta tsefe wa yarinya kitso tun daren jiya, ta wanke kan da sabulu, kada ta shafa karkar ko wani mai, domin maiƙo yana shiga tsakanin fata da ƙarfe. Wani lokaci a ce a rage wa yaron barci don ya yi shi a ɗakin awo. Ma'aikaci ya auna kan da tef daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, ya ɗiga alamomi, ya liƙa 'yan ƙarafa kamar 21 kowanne da wayarsa. Sai a ce rufe ido, buɗe ido; a sa shi numfashi mai zurfi na minti 3, ƙaramin yaro kuwa a ba shi abin da zai riƙa hurawa; a kunna fitila mai walƙiya a gabansa; cikin minti 20 zuwa 30 an gama. Iyaye da yawa suna zuwa a tsorace don suna zaton wuta za a sa wa ɗansu, kamar yadda suka ji ana yi wa waɗansu masu taɓin hankali, alhali kuwa wannan na'ura karɓa kawai take yi, kuma abin da take karɓa bai wuce 'yan gomomi na kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ba. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa sun kai kimanin biliyan 86, na'urar kuwa daga bayan ƙashi da fata take saurarensu. Misalinta kamar mutum ne da ya tsaya da dare a bayan dangar tsangaya, yana iya gane ko almajirai sun haɗa murya, ko barci ya kwashe su, ko rikici ya tashi a kusurwar gabas, amma ba shi da ikon faɗin surar da kowane yaro ke karantawa.

A ƙasar Sudan, makarantar likitoci ta Kitchener a Hartum an buɗe ta a 1924, shekarar da Berger ya yi rubutunsa na farko, kuma daga cikinta ne Tijjani al-Mahi ya fito a 1935. Wannan bawan Allah, haifaffen garin Kawa a 1911, ya je London ya ƙware a likitancin hankali, ya komo ya buɗe asibitin cututtukan jijiya a Hartum Bahri wajen 1949, kuma abin da ya ɗaukaka shi a idona shi ne bai ɗauki shehunai da fakai abokan gaba ba. Ya san cewa tun kafin a haifi kakansa ana kai marasa lafiya masidai, watau mazaunin shehunai, irin na Ummu Dubban, ana ciyar da su ana yi musu addu'a. Sai ya riƙa zuwa wurin shehunan, ya zauna da su da ladabin almajiri, ya karanci zar da idon mai neman sani, har aka kai ga fahimtar juna, suna turo masa wanda suka ga ciwonsa na likita ne. Ɗaha Ba'ashar ya ɗora daga inda ya tsaya, kuma bayan rasuwar Tijjani a 1970, Allah Ya jiƙansa, aka sa wa asibitin Umdurman sunansa. A ɓangaren cututtukan jijiya kuwa Da'udu Musɗafa ne ya yi fice a Jami'ar Hartum, ya yaye likitoci tsara bayan tsara. Sai dai wannan ilmi, da likitocinsa da na'urorinsa, mafi yawansa a babban birni ya taru. Mutumin Gadarif da aka rubuta wa ɗansa wannan awo ya daɗe yana fuskantar tafiyar kilomita 400 ta kan Wad Madani, da kuɗin mota da na masauki. In kuwa a ƙauye yake da damina, sa'ad da baƙar laka ke riƙe mota kwana da kwanaki, to, sai ya jira kaka. An kafa Jami'ar Gadarif a 1994, tana kuma yaye likitoci, amma ƙwararren da zai karanta rubutun ƙwaƙwalwa ba a shekara ɗaya ake samunsa ba.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan na'ura, domin an sha ɗora mata abin da ba ta iya ɗauka. Kusan rabin masu farfaɗiya ta gaskiya awonsu na farko yakan fita lafiya lau, saboda ba a dace da lokacin rikicin ba; akwai kuma lafiyayyu 'yan kaɗan da layinsu kan nuna alamar da ba ta taɓa zame musu cuta ba. Saboda haka likita na ƙwarai har yau da labarin uwa yake farawa, yaya ya faɗi, wane hannu ya fara motsi, minti nawa ya yi, na'urar kuwa shaida ce guda a cikin shaidu. Mafi muni shi ne abin da aka yi da sunan ilmin ƙwaƙwalwa a zamanin mulkin mallaka. Wasu likitocin Faransa sun yi wannan awo a kan baƙaƙen sojoji suna neman bambancin jinsi, kuma J. C. Carothers, likitan asibitin Mathari a Nairobi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wa littafi a 1953, ya yi da'awar cewa Ba'afirke ba ya cika amfani da gaban ƙwaƙwalwarsa, maganar da Thomas Adeoye Lambo na asibitin Aro a Abekuta ya rushe da hujja. A shekarun 1960 kuma John Ertl a Kanada ya ƙera wata na'ura da ya ce tana auna basirar yaro ta saurin amsawar ƙwaƙwalwarsa ga walƙiyar haske, da aka gwada ta a kan yara masu yawa sai da'awar ta kasa tsayawa. Duk wanda ya ce zai liƙa wa ɗanka waya ya gaya maka ko zai zama gwani ko daƙiƙi, to, ya faɗi abin da ba shi da ilmi a kansa.

Amma akwai wani reshe na awon da ya tabbata, kuma shi ya fi kusa da maganar fahimta. A 1965 Samuel Sutton da abokansa a New York suka gano cewa idan mutum yana sauraren sauti, sai aka kawo masa wanda bai zata ba, ƙwaƙwalwarsa takan yi wani tudu kimanin kashi 3 cikin 10 na sakan bayan sautin, kuma jinkirin wannan tudu ko ƙanƙantarsa yana tafiya tare da raunin lura. Falalar irin wannan gwaji ga mutanenmu a fili take. Yaron Hausawa a Gadarif da Hausa ya tashi a gida, da Larabci ake tambayarsa a makaranta, kuma jarrabawar baki ko ta takarda tana iya rubuta shi cikin marasa fahimta don kawai harshen bai zauna masa ba. Sauti kuwa ba ya bukatar tafinta. Da irin wannan hanya Michael Kihara da Charles Newton suka auna yara a Kilifi, a gaɓar tekun Kenya, suka wallafa a 2010 cewa waɗanda suka taɓa yin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ƙwaƙwalwarsu tana amsa baƙon sauti dabam da ta sauran yara.

Nan ne maganar ta komo Gadarif da ƙarfinta, domin ƙasar ta zazzaɓi ce. A ƙauyen Darawish, ƙauyen Fulani ne kusa da garin, masana daga Jami'ar Hartum tare da abokansu na Kopenhagen da Edinbara sun yi shekaru tun wajen 1990 suna bin mutanen gida gida, suka tabbatar da abin da tsofaffi suka sani, cewa cutar takan taso gaba ɗaya a ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, ta kama yaro da babba. Idan ta hau kai sai jijjiga da suma. Likitocin Kilifi sun nuna cewa yaron da ke kwance a sume yana iya kasancewa cikin farfaɗiyar da ba a gani, ba abin da ke fita sai karkacewar ido ko dalalar yawu ko rikicewar numfashi, na'urar ce ke tona ta a ba shi magani. A Kamfala an bi yaran da suka tashi daga wannan suma aka tarar kimanin 1 cikin 4 suna da raunin fahimta bayan shekara 2, a Bilantaya ta Malawi kuma kusan 1 cikin 10 sun kamu da farfaɗiya daga baya. Sanƙarau, wanda ke ziyartar Sudan da bazara kamar yadda yake ziyartar ƙasar Hausa, shi ma yana barin irin wannan tabo. Ga almajirin da a bara yake gaban sa'o'insa, ya kwanta da kaka, Allah Ya tashi kafaɗunsa, aka yi sadaka, ya komo halwa. Yanzu aya ba ta zama, ana magana yana kallon gefe, malam yana ganin lalaci, uba yana ganin sammu. Wannan yaro ba ya iya ba da shaida a kan kansa, kuma a ganina babban amfanin na'urar Berger a ƙasar Gadarif shi ne ta ba da shaidar a madadinsa.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe asibitocin Hartum da yawa, kuma da Wad Madani ta faɗi a watan Disamba na wannan shekara sai Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira har makarantu suka zama masaukai. Masu farfaɗiya da dama maganinsu ya yanke, wanda kuwa aka yanke wa magani farat ɗaya yana cikin haɗari. A cikin waɗanda suka gudo akwai likitoci da ɗaliban likitanci, kuma abin da wannan musiba ta bayyana shi ne kuskuren tara ilmi duka a gari guda. Na'urar kanta ta ƙanƙance: an gwada wata mai kamar hula da ake haɗawa da wayar hannu a Konakiri ta ƙasar Gini da kuma ƙasar Butan, ana aika rubutun ta intanet ƙwararre ya karanta daga nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu suna iya rabuwa da faɗuwa idan an gane cutar an ba su maganin da ya dace.

Ina kira ga attajiranmu na kasuwar riɗi ta Gadarif, waɗanda suka gina masallatai suka ciyar da halwoyi, su sanya wannan ma a cikin waƙafinsu: su ɗauki nauyin samari da 'yan mata masu jin Hausa da Larabci su koyi aikin awon, su kuma tsaya kada magani ya yanke a ƙauyukan Rahad da damina. Ku kuma malaman allo, Allah Ya gafarta muku, idan almajiri ya tashi daga zazzaɓi kuka ga ya sake, ko kuka ga yana ƙamewa a tsakiyar karatu, ku kira uban ku ce ya kai shi asibiti kafin a ɗaga masa bulala.